Shekarar da Kogin Ya Zama Kore

Kafin in zo Manchester ban taɓa ganin rafin da ƙasa take haɗiyewa ba. Na karanta labarinsa tun ina jami'a a gida, har na amsa tambaya a kansa a jarrabawa, amma idona bai gani ba. A wajenmu rafi ƙafewa yake yi da rani, yashi ya bayyana, wanda ya tona ya tarar da ruwan a ƙasa. A tuddan da ke kudu da Manchester kuwa sai ka ga rafi ya taho da ƙarfinsa yana kumfa, ya iso gindin wani dutse, ya shige wata kafa, shi ke nan. Gaba da wurin babu komai sai ciyawa da tumaki.

Wadda ta fara kai ni wurin ita ce malamar da aka ba ni ta duba aikina na digiri na uku. Baturiya ce doguwa, ta haura sittin, gashinta fari fat, ta yanke shi guntu kamar na namiji. Kowa a sashenmu Prof yake ce mata, wato farfesa, ni ma haka na riƙa kiranta. Mijinta ya rasu tun kafin in zo, ɗanta tilo kuma yana aiki a Birmingham, don haka ita kaɗai take zaune a wani ɗan gida a gefen gari. Ba ta da sakin fuska. Ranar da muka fara haɗuwa ko sannu da hanya ba ta yi min ba, ƙafata kawai ta kalla ta ce takalmin nan ba zai kai ni ko'ina ba. Washegari na tarar da takalman roba a kan teburina, da safa mai kauri a cuse a ciki.

Aikin da muke yi ba shi da wuyar fahimta. Duwatsun yankin irin wanda ake fasawa a yi siminti ne, ruwa yana cinsu sannu a hankali, har cikinsu ya zama kogo-kogo da hanyoyi. Rafi ya shige ta saman tudu, can ƙasa a kwari kuma sai ka ga maɓuɓɓuga tana fitar da ruwa garau. Tambayar ita ce: wane rafi ne yake fitowa a wace maɓuɓɓuga? Sanin haka yana da amfani, domin idan ƙazanta ta shiga ta sama, sai an san wanda zai sha ta a ƙasa. Yadda ake ganewa kuwa shi ne a zuba rini marar lahani a inda rafin yake shigewa. Kafin a zuba, sai mu zaga duk maɓuɓɓugan kwarin mu ɗaura 'yan ƙulle-ƙullen gawayi a cikin ruwan. Gawayi yana kama rini komai ƙanƙantarsa. Bayan kwanaki mu kwaso su mu kai ɗakin gwaji, wanda ya nuna rini, to nan ruwan ya ɓullo.

Akwai wata 'yar ƙorama a can saman tudu, bayan gonar wani makiyayi, wadda Prof ta shekara da shekaru tana son sanin inda take fita. An taɓa gwadawa tun tana da ƙuruciya, ba a ga komai ba. Wannan ƙoramar Prof ta ba ni a matsayin aikina.

Shekarar farko duk a koyon wuri ta tafi. Ina zaune a unguwar Ardwick a wani ɗan gidan haya da muke rabawa da wata ɗaliba, tagar ɗakina tana kallon bayan wani garejin gyaran mota. Da sassafe Prof za ta tsaya a ƙasa ta danna hon sau ɗaya, idan ban fito ba ba za ta ƙara ba, sai dai in tarar da ita tana tsotsar alewar na'a-na'a tana kallon gabanta. Motar tana warin laka da jiƙaƙƙen kaya. Mu hau tudu cikin yayyafin da ba ya ƙarewa, mu tsallake katangun dutse, mu durƙusa a bakin ruwa mai sanyin da yake sa yatsu su daina jin komai. Sau da yawa na koma gida na zauna a bakin gado da rigar ruwan a jikina ina tambayar kaina me ya kawo ni.

Amma a can tudun na san wata Prof da 'yan sashen ba su sani ba. Idan lokacin azahar ya yi, ita take fara duba agogo. Ta ciro kamfas ɗinta ta nuna min alƙibla, ta zaɓa min gindin katangar da iska ba ta bugu, sannan ta juya min baya ta tsaya tana tsare min tumaki har in idar. Da azumi ya zo ba ta ce min komai ba, sai na lura ta daina zuwa da fulas ɗin shayinta. Na ce mata ba sai ta yi haka ba. Ta ce min in kula da ƙullin gawayina, ya kusa tafiya da ruwa.

Ƙarshen mako, idan babu fita, nakan hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham wajen Yayata. Likita ce, GP, wato likitar unguwa, suna zaune a unguwar Sparkhill da mijinta da 'ya'yansu. Daga tasha sai in hau bas ta bi da ni Stratford Road, ta gaban shagunan nama da na atamfa da masallatai, in sauka in taka zuwa gidan. Can ne kaɗai nake cin tuwo da miyar kuka, can ne kuma nake jin ana kirana da sunan da Umma take kirana. Yaya takan kama hannuna ta juya shi ta ga yadda rini ya shiga ƙarƙashin farcena.

"Ke dai kin ba mu kunya," in ji ta. "Duk marinar da ke Kano ba ta ishe ki ba, sai da kika hau jirgi kika zo Ingila koyon rini."

Yaran su yi ta dariya ko da ba su gane duka ba, su ce, "Anti, show us your hands," wato in nuna musu hannuwana.

A shekara ta biyu abubuwa suka fara. Da farko ƙanana ne, irin waɗanda kowa yake yi. Ta manta inda ta ajiye makullin mota. Ta kira ni da sunan wata ɗalibarta da ta gama tun ina firamare. Akwai labarin da take so, na ranar da ruwa ya rutsa ta da mijinta a cikin kogo, suka zauna a kan wani dutse suna jiran ya janye. Ta ba ni shi a hanyar tafiya, na yi dariya a inda ake dariya. Da muka juyo da yamma ta sake ba ni shi daga farko, da kalmomin nan dai, tana tsayawa a inda ta tsaya da safe tana jiran in yi dariya. Na yi.

Wata rana da kaka hazo ya rufe mu a saman tudu. Ba sabon abu ba ne, kuma ita wannan tudun ko an ɗaure mata ido ta san shi. Tana gaba ina biye, sai na ga mun sake isowa wata ƙofar katanga da muka wuce ɗazu. Ta tsaya. Ta dubi dama, ta dubi hagu. Sai ta zauna a kan katangar, ta ɗora hannayenta a kan gwiwa.

"Prof, lafiya?"

"Ina muka ajiye motar?" ta ce, muryarta a ƙasa. "Me muka zo yi nan ma?"

Na ce mata gawayi muka zo ɗaurawa, mun kuma gama. Na ciro waya na nemo hanya, na wuce gaba, ta biyo ni. Da muka iso mota ta dawo yadda take, har da yi min faɗa a kan na bar murfin wata kwalba a sake. A hanya ta ce hazo ne, kowa yana iya ruɗewa. Na ce haka ne.

Ranar Asabar na ba Yaya labarin muna wanke-wanke a kicin, ina ba da shi kamar abin dariya. Ba ta yi dariya ba. Ta kashe famfo ta juyo.

"Tana maimaita magana?"

"Wani lokacin."

"Tana manta sunan abubuwan da take aiki da su kullum? Ta ce miƙo min abin nan, abin nan?"

Sai na tuna ko a makon nan ta kasa tuno sunan na'urar da ta shekara ashirin tana amfani da ita.

"Ƙanwata, ban ganta ba, ba zan yanke hukunci ba. Amma ya kamata ta je wajen GP ɗinta. Akwai ciwon mantuwa da yake farawa haka, kuma masu ilimi sun fi iya ɓoye shi, har sai ya yi nisa. Wa take da shi?"

"Ɗa ɗaya. Yana nan garin ma."

"To a sanar da shi."

Raina ya ɓaci. Na ce mata tsufa ne da gajiya, matar da take koyarwa, take duba ɗalibai, take hawa tudu, dole ta gaji. Na ce su likitoci kowa suka kalla sai sun ga cuta. Yaya ta ɗauki tukunya ta ci gaba da gogewa.

"Allah Ya sa ni ce ban gane ba," ta ce.

Ban san ɗan ba, ban san ta inda zan fara ba, kuma ina ɗaliba baƙuwa, wa zai ba ni bakin cewa farfesa ta fara ruɗewa? Sai na koma ina yin abin da zan iya. Na riƙa zuwa ofishinta da wuri in tuna mata da darasin da take da shi. Idan ta nemi kalma ta rasa, in jefa mata ita cikin magana kamar ba da gangan ba. Ina jin ta lura, don wani lokacin takan dube ni ta ɗan jima kafin ta ci gaba.

Babban gwajinmu muka sa shi a tsakiyar hunturu, lokacin da ƙasa ta sha ruwa ta ƙoshi, ƙoramar tana gudu sosai. Shirin ya ci mana watanni. Mun nemi izini daga hukuma, mun bi manoma gida-gida, mun ɗaura gawayi a kowace maɓuɓɓuga ta kwarin da na kwarin da ke bayansa, mun ɗebi ruwan kowacce mun tabbatar babu rini a ciki tun asali. Rinin da za mu zuba gari ne mai launin ruwan goro, amma da ya taɓa ruwa sai ya koma kore shar. Ɗan kaɗan ake aunawa, yadda idan ya fito a ƙasa ido ba zai gan shi ba, sai na'ura. Robobin rinin suna bayan motar Prof, da wanda za mu zuba da wanda sashen ya saya don gwaje-gwajen gaba. Muka tsayar da Asabar.

Ranar Juma'a da hantsi ina ɗakin gwaji sai wayata ta yi ƙara. Makiyayin nan ne da ƙoramar take bayan gonarsa. Mutum ne mai ƙarancin magana, amma ran nan bai ko tsaya gaisuwa ba.

"Kun ce gobe ne," ya ce. "Kun kuma ce ba za a ga komai ba. Ki zo ki ga kogin ƙauye."

Na kira Prof, ba ta ɗauka ba. Na hau jirgin ƙasa, na sauka na hau bas, na isa ƙauyen bayan azahar. Tun daga kan gada na gani. Kogin da yake ratsa tsakiyar ƙauyen ya zama kore, wani irin kore mai haske da ban taɓa gani a jikin ganye ko tufa ba, daga babbar maɓuɓɓugar da ke gindin dutse har inda ido ya tsaya. Agwagi suna iyo a ciki. Mutane sun jeru a kan gada suna ɗaukar hoto, wata mata tana jan karenta da ƙarfi kada ya sha. Motar hukuma tana gefe, wani ma'aikaci yana ɗibar ruwa a kwalba. Da na gaya masa ko ni wace ce, mutane suka yo kaina. Wani dattijo ya tambaye ni ko na san yara suna wasa a ruwan nan. Wata ta ce wa ya ba mu izinin zuba musu guba. Na yi ta maimaita cewa ba ya cutarwa, zai wuce cikin kwanaki, ina faɗa ina jin yadda suke kallon hijabina da fatata, har na daina bambance wanda tsoro ya sa shi magana da wanda wani abu dabam ya sa.

Makiyayin ne ya janye ni gefe. Ya ce jiya da yamma ya ga motar Prof, amma ba a bayan gonarsa ba. A can gaba ya ganta, wajen babban ramin da kowa ya san ruwansa a ƙauye yake fita. Wannan ramin shi ne wurin da ta yi gwajinta na farko tana budurwa. Babu abin da za a sake nema a cikinsa.

La'asar ta wuce lokacin da na isa gidanta. Ta buɗe ƙofa da fara'a, ta ce na zo daidai, yanzu ta ɗora ruwan shayi. Hannayenta duka biyu ruwan goro ne har wuyan hannu. Rigar ruwanta tana rataye a bayan ƙofa, ta ɗiga a ƙasa, wurin ya yi ɗan tabo kore.

"Prof, jiya kin je tudu?"

"Jiya? A'a. Jiya ina gida. Ai sai Asabar."

"Zan iya duba bayan motar?"

Ta ɗauko makulli muka fita tare. Robobin suna nan a jere yadda na shirya su, an mayar wa kowacce murfinta. Na ɗaga ta farko, babu komai. Na ɗaga ta biyu. Duka babu komai. Ta karɓi ɗaya ta girgiza, ta buɗe ta leƙa. Sannan ta ga hannunta. Ta juya shi gaba da baya, ta kai shi kusa da fuskarta kamar hannun wani aka ba ta ta duba.

"Ni na yi," ta ce. Ba tambaya ba ce. "Nawa na zuba?"

"Duka."

"A ina?"

Na gaya mata. Ta jingina da motar. Na zaci za ta yi kuka, ba ta yi ba. Sai ta fara lissafin ɓarnar da bakinta, da muryar nan da take koyarwa da ita: gawayin duka ya lalace, rinin zai maƙale a lungunan kogo yana fitowa kaɗan-kaɗan duk lokacin da aka yi ruwa, ba za a iya sake amfani da kore a kwarin ba sai an daɗe, hunturun bana ya tafi. Duk abin da ta faɗa daidai ne. Da ta gama ta ce, "Na cinye miki shekara guda." Na ce ba komai. Ta ce kada in yi mata ƙarya, ba ta koya min haka ba.

Muka koma ciki. Butar shayin ta tafasa ta kashe kanta. Ta ce in zauna kusa da ita, ta kira ɗanta a gabana, don tana tsoron idan na tafi za ta manta dalilin da ya sa take son kiransa.

Ranar Litinin da kanta ta je wajen shugaban sashe. Ta rubuta wa mutanen ƙauyen takardar ban haƙuri, ta ce laifinta ne ita kaɗai, ɗalibarta ba ta ma wurin. Kafin ƙarshen zangon ta ajiye aiki. An yi mata ɗan taro da biskit da lemo, aka yi jawabai, ita kuwa tana tsaye a gefe tana murmushi irin wanda ban san ta da shi ba.

Aka ba ni wani malamin. Mutumin kirki ne, amma aikinsa a kwamfuta yake, bai taɓa durƙusawa a bakin maɓuɓɓuga ba. Ya ba ni shawara in gina aikina a kan bayanan da aka riga aka tara, in bar ƙoramar. Na bi shawararsa, amma da hunturu ya zagayo na roƙi a bar ni in gwada sau ɗaya da jan rini. Ni da makiyayin muka zuba, cikin iska mai yanka kunne. Na yi makonni ina zagayen gawayi a bas da ƙafa. Babu ko ɗaya da ya nuna komai. A irin aikinmu rashin ganin rini ba ya tabbatar da komai. Ko ya yi kaɗan, ko ya fita a wurin da ban sa gawayi ba, ko yana can ƙasa bai iso ba. Na rubuta hakan a shafi ɗaya da rabi, na wuce.

Prof ta ɗan zauna a gidanta da mai zuwa duba ta, har ranar da aka tsince ta a tashar bas da kayan barci. Daga nan ɗanta ya sayar da gidan, ya kai ta wani gidan kula da tsofaffi a Birmingham, kusa da shi. Daga gidan Yaya bas ɗaya ce. Sai ya zama duk zuwan da na yi, ranar Lahadi da safe ina can.

A farko tana gane ni, ko da sunan ya ɓace mata. Takan ce, "Ga ɗalibata," ta nuna ni ga masu aiki. Daga baya ta fara ɗaukata ɗaya daga cikinsu, da yake da yawansu baƙaƙe ne, wasu ma 'yan ƙasarmu. Ta riƙa yi min magana cikin ladabi, tana gode min a kan kowane abu. Wannan ya fi yi min ciwo. Matar da ba ta taɓa ce min na gode ba sai dai ta gyaɗa kai, yanzu tana ce min, "Kin kyauta, 'yata, yaushe za a kawo abinci?"

Wata Lahadi na tarar da ita a kujera tana kuka marar sauti. An sa mata rigar da ba tata ba, mai furanni, gashinta ya yi tsawo ya cukurkuɗe. Na tambayi abin da ya faru, ba ta iya faɗa ba, sai jan wuyan rigar take yi. Na nemo tata a kabad na canza mata. Na ari mataji na zauna a bayanta ina taje mata kai a hankali, daga ƙasa zuwa sama, yadda muke yi wa kakarmu a tsakar gida. Na yanke mata farce. Ta daina kukan, ta kwantar da kanta a jikina, nauyinta bai fi na yarinya ba. Ɗanta ya shigo ya same mu a haka. Ya tsaya a bakin ƙofa da leda a hannu, ya kasa shigowa. Da na fito ya biyo ni har waje yana yi min bayanin da ban tambaya ba: aikinsa, matarsa da take da ciki, gidansu mai matakala, yadda ya gwada ajiye ta wajensa ta kusa ƙona kicin. Na ce masa na sani. Ya ce kowa haka yake ce masa.

Da na koma gidan Yaya na ba ta labari. Tana yanka albasa.

"Ni abin nan nasu ne ba na ganewa," ta ce. "Uwarka ta haife ka, ta raine ka, ka ɗauke ta ka kai wa baƙi. Mu dai Allah Ya raba mu da wannan."

Wuƙar ta ci gaba da sauka a kan katako, sannan ta tsaya. Ummanmu tana Kano, ƙafa ta hana ta fita, 'yar ƙanwarta ce take kwana da ita, take kai ta asibiti. Mu biyu ne 'ya'yanta mata, ga mu nan duka a kicin ɗaya a Sparkhill. Yaya ta goge ido da bayan hannu ta ce albasar nan da ƙarfi take. Sannan ta ce, "Idan na samu hutu da bazara sai na je gida, ko ba da yaran ba." Na ce ni ma, da zarar na ƙare aikina. Muka kira Umma bayan la'asar, ta ce lafiyarta ƙalau, mu kula da kanmu da sanyi.

Na gama karatun. Na samu aiki a wani kamfanin injiniyoyi a Manchester, ina lissafin magudanan ruwa na sababbin unguwanni, daga kujera zuwa kujera. Na kai wa Prof kundin da aka ɗaure da baƙin bango. Ta riƙe shi a cinya, ta shafa, ta tambaye ni ko nawa ne, na ce e. Ta ce yana da nauyi. Na karɓa na ajiye mata a kan tebur. A ziyarce-ziyarcen ƙarshe ta daina magana gaba ɗaya, sai in zauna in riƙe hannunta, in yi tasbihina a zuci, har mai kawo abinci ta shigo.

Ina ofis ɗanta ya kira ni ya gaya min ta rasu, ciwon huhu ne ya zo da sanyi. Na yi masa ta'aziyya, na ajiye wayar, na ƙarasa lissafin da nake yi don ana jiransa kafin a tashi. Sai a bas ɗin komawa gida abin ya sauko min, na juya fuskata ga taga.

Ban taɓa zuwa jana'izar Turawa ba, ban san yadda ake yi ba. A Birmingham za a yi, sai na je na kwana a gidan Yaya, na gaya mata ni kaɗai zan je. Ranar jana'izar da safe na fito na same ta a falo da baƙar abaya, ta musanya aikinta da wata likitar. Ba ta taɓa ganin Prof ba ko sau ɗaya.

"Ba za ki je ke kaɗai ba," ta ce. "Ɗauko lema."

Mutanen ba su da yawa. Ɗan da matarsa da jaririnsu, shugaban sashe, da wasu tsofaffi masu faɗin kafaɗa da suka ce tare suke shiga kogo da ita a da. Makiyayin ya zo da kwat ɗin da ta yi masa kaɗan, ya miƙo min hannu, ya tuna ba na musafaha da maza, ya mayar da shi ƙirji. Muka zauna a layin baya na ɗakin taron. Aka yi jawabi gajere, aka sa wani kiɗa, labule ya rufe akwatin gawar, aka ce mu fita ta ƙofar hagu domin wasu suna jira su shigo. A waje ɗan ya gabatar da ni ga matarsa, ya rasa abin da zai kira ni, ya ce, "Ita ce take zuwa ranar Lahadi."

A hanyar komawa ruwa ya tsananta. Yaya ce take tuƙi. Da muka shigo Stratford Road ta samu wuri ta faka a gaban mai nama, ta ce in jira ta, babu komai a firji kuma yara sun kusa tasowa daga makaranta. Na zauna a motar ina kallonta ta cikin gilashin shagon, tana nuna wa mahaucin inda zai yanka.